Idan An Kawo Maka Tallan Shuɗin Aku, Ga Abin Da Za Ka Bincika

Wata ranar Talata bayan La'asar ina shagona a Agege ina auna wa wata mata dusar kaji, sai ga yaron Baba Alhaji, wai in zo yanzu yanzu. Baba Alhaji aminin marigayi Kawuna ne. Ya haura shekara 40 yana fataucin shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba, kuma ba ya aike sau biyu. Na bar wa yarona mudu na bi shi.

Na same shi a kan darduma, ya kawar da tabarau zuwa goshi, yana riƙe da waya nesa da fuska.

"Ɗan nan, kai ne mai tsuntsaye. Duba mini wannan."

Hoton wani aku ne shuɗi shar, tun daga ka har wutsiya, ya tsaya a dantsen wani Bature, tsawonsa ya kusa kai wa mutumin ƙugu. Wani ne ya turo masa ta WhatsApp. Wai guda biyu ne, mace da namiji, suna Kwatano, takardu sun cika, a tura rabin kuɗi su iso Legas cikin kwana uku. Wai idan kuɗin sun yi yawa akwai ƙwai ma, da rahusa.

"Ina so in sa su a sabon gida, su riƙa gaida baƙi."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, a ba ni mako guda kafin a tura ko sisi."

Sana'ata sayar da abincin kaji da na tsuntsaye. Ina kiwon tattabaru tun ina yaro, kuma akwai aku mai ruwan toka a gidana wadda na gada daga Kawu. Abin da na bi a wannan makon shi zan shimfiɗa a nan, domin tallan ya fara yawo a wayoyin mutanenmu, daga Agege har Idi-Araba da Alaba Rago.

Fara da sanin tsuntsun da ake nuna maka

Masu talla suna kiransa hayasin makaw. A Burazil, ƙasarsa, sunansa arara azul, wato shuɗin aku. Shi ne mafi tsawo a cikin dangin aku duka: mita ɗaya daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, nauyinsa tsakanin kilo 1.2 da 1.7. Akwai wani aku a Niyu Zilan da ake kira kakapo wanda ya fi shi nauyi, amma shi ba ya tashi. Alamominsa ba sa ɓoyuwa. Jiki shuɗi gaba ɗaya, baki baƙi ƙato mai lanƙwasa, zoben fata rawaya kewaye da ido, da wani siririn layi rawaya a gindin leɓen ƙasa wanda ke sa ka ga kamar kullum murmushi yake yi.

Ka lura da kyau, saboda akwai 'yan uwansa da ake rikita mutane da su. Idan ka ga baya shuɗi, ƙirji rawaya, fuska fara mai zane-zanen baƙi kamar an yi mata tsaga, wannan wani ne daban, ya fi yawa a duniya kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan kuma shuɗi ne duka amma bai kai girman ba, shuɗin ya ɗan dusashe, rawayan gefen baki ya fi faɗi, to wannan shi ake kira makaw ɗin Lear, wanda ba a samunsa a daji sai a wani yanki na jihar Bahia. Shi ma hannunka ya yi nesa da shi. A watan Fabrairun 2024 hukumomin Togo suka kama guda 12 irinsa a cikin wani jirgin ruwa, tare da wasu ƙananan birai masu ruwan zinariya, aka mayar da su Burazil. Togo fa, nan bayan Kwatano. Kada ka ɗauka wannan fataucin labarin wata duniya ce.

Abu na biyu da na gaya wa Baba shi ne wanda ya fi ɓata masa rai: shuɗin aku ba gwanin magana ba ne. Yana iya kama 'yan kalmomi, amma akunmu na Afirka mai ruwan toka da jar wutsiya ya fi shi baki ƙwarai. Abin da shuɗin ya iya shi ne ƙara, irin wadda Allah ya yi masa don ya kira abokiyar zamansa daga wancan gefen fadama. A gidan haya na fes-mi-ai-fes-yu, mako guda ya isa mai gida ya kawo maka takardar tashi.

Ka san inda ya fito da abin da yake ci

Wannan ne wurin da na fi daɗewa, domin wanda ya fahimci rayuwar tsuntsun a daji, sauran hukuncin da kansa zai yanke.

Mafi yawansu suna zaune a Pantanal, wata makekiyar fadama da ta mamaye yammacin Burazil ta leƙa Bolibiya da Faragwai. Girmanta ya ninka Jihar Legas fiye da sau 40. Da damina ruwa ya shafe ta, da rani ta koma makiyaya. Akwai wasu kuma a dajin Cerrado na tsakiyar Burazil, inda sukan yi sheƙa a ramukan duwatsu, da wasu a gabashin Amazon.

A Pantanal abincinsa kusan gaba ɗaya ƙwallon itatuwa biyu ne dangin giginya da goriba, ɗaya acuri, ɗaya bocaiuva. Ka tuna ƙodagon goriba, wanda muna yara sai mun sa dutse muna bugu har hannu ya yi zafi. To irin wannan taurin ne tsuntsun yake fasawa da baki, ya raba shi biyu tsaf kamar an sa kurfi. An ga yana saka ɗan guntun ganye ko itace a baki don kada ƙwallon ya zame masa. Harshensa busasshe ne mai ƙashi a ciki, da shi yake zaƙulo ƙwayar.

Da na zo kan shanu sai Baba ya gyara zama. Pantanal ƙasar kiwo ce. Shanu suna haɗiye 'ya'yan acuri, cikinsu ya narke naman da zaren da ke bayan, ƙwallon ya fito tas, ko a lokacin tuƙa ko a cikin kashi. Sai akun su sauko garke-garke su bi makwancin shanu suna tsinta, an riga an yi musu rabin aiki.

"Ashe bafulatanin tsuntsu ne," in ji Baba.

Na ce ai kuwa, sai dai ba balbela ba ne, ba ƙwari yake nema ba.

Sheƙarsa ita ce babbar matsalarsa. Ba ya saƙa gida a reshe, kogon itace yake nema ya faɗaɗa da baki. A Pantanal kusan duk sheƙunsa a itace guda suke, manduvi, kuma itacen sai ya kai shekara 60 kafin ya yi kaurin da kogonsa zai ɗauki tsuntsu mai wannan girma. Ka sare manduvi ɗaya yau, jikanka ne zai ga madadinsa. Wani abin mamaki kuma, tsuntsun da ya fi yaɗa irin manduvi a daji, wato tukan mai ƙaton baki ruwan lemo, shi ne kuma ya fi kowa shanye ƙwan shuɗin aku. Da shi ba daɗi, ba shi kuma ba gida.

Macen takan saka ƙwai biyu, ta kwanta kusan wata guda, namijin yana kawo mata abinci. Galibi ɗa guda ne yake rayuwa, domin na biyun yakan ƙyanƙyashe bayan kwanaki, wan ya riga ya fi ƙarfinsa wajen karɓar abinci. Ɗan yakan yi kwana 110 ko kusa da haka a kogo kafin ya tashi, iyayen su ci gaba da ciyar da shi har wata shida ko fiye, kuma ba zai fara haihuwa ba sai ya kai shekara bakwai. Mace da namiji idan sun haɗu, sun haɗu ke nan. Ni da nake kiwon tattabaru, wadda a shekara guda za ta cika maka ɗaki, da na yi wannan lissafin sai jikina ya yi sanyi. Tsuntsun da ke haihuwa a hankali haka, kowane guda da aka cire daga daji giɓi ne na shekaru.

An kuwa cire. A shekarun 1980 an ƙiyasta an kama kusan 10,000 don sayarwa masu sha'awa a Turai da Amurka da sauran wurare. Zuwa ƙarshen waɗannan shekarun abin da ya rage a Pantanal bai wuce 1,500 ba. A 1989 wata masaniyar halittu 'yar Burazil, Neiva Guedes, ta ga garkensu a kan wani busasshen itace, aka gaya mata suna dab da ƙarewa. A 1990 ta fara aikin da ake kira Projeto Arara Azul. Ba wani siddabaru ta yi ba: hawa itace da igiya, ƙirga ƙwai, gyara kogunan da suka rube, kafa akwatunan katako a matsayin sheƙa inda kogo ya yi ƙaranci, da zama da masu garken shanu da makiyayansu har suka fara ɗaukar tsuntsun a matsayin abin alfaharin gonarsu. Adadin ya hau zuwa kusan 5,000 a Pantanal. A 2014 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sassauta matsayinsa da mataki ɗaya. Sai ga gobarar 2020, wadda ta cinye fiye da rubu'in Pantanal, har da itatuwan sheƙa da na abinci. Aikin shekara 30 ke nan wuta ta taɓa cikin 'yan watanni.

Sai takardu

Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da ake kira CITES, wadda ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya tana ciki. Tana da jeri uku na halittun da take karewa. Jeri na farko shi ne mafi tsanani, kuma tun 1987 shuɗin aku yake cikinsa. Ma'anarsa a taƙaice: wanda aka kamo daga daji ba a cinikinsa tsakanin ƙasashe, ko nawa za ka biya. Haramcin ya haɗa da ƙwai, har da gashi. Wanda aka haifa a gidan kiwo ana iya sayar da shi zuwa wata ƙasa, amma sai gidan kiwon yana da rajista da CITES, kuma sai da takardar izini ta gaske. A nan gida Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da izinin, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da Kwastan su ke kamu. A 1985 aka kafa dokar kare halittu masu ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016.

Saboda haka kalmar "takardu sun cika" ba ta wadatar ba. Ka ce a turo maka hoton takardar CITES ɗin. Ka duba sunan tsuntsun na kimiyya, Anodorhynchus hyacinthinus, da ƙasar da ta bayar, da ranar ƙarewarta, da lambar tsuntsun. Sannan kada ka tsaya a hoto, domin yaran da ke buga takardar bogi sun fi na ofis iya hatimi. Ka kai lambar ma'aikatar a tabbatar maka kafin ka biya.

Lambar da ke takarda dole ta dace da wadda ke jikin tsuntsu. Wanda aka haifa a gidan kiwo ana zura masa zoben ƙarfe a ƙafa tun yana ɗan tsako, ƙafar ta girma a ciki, ba ya fita kuma ba ya shiga ƙafar babba. Ka juya zoben da yatsa ka duba: idan ka ga tsaga inda aka matse shi da filaya, jiya ma ana iya sa shi. Wasu kuma ana dasa musu 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a tsokar ƙirji, likitan dabbobi ya ɗora abin karantawa lamba ta fito. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi a je wurin likitan da kai ka zaɓa ba.

Gwada mai tallan

Wannan bai ɗauke ni awa biyu ba. 'Yata ta sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya bayyana a intanet, sai ga shi a shafuka da dama, wasu da harsunan da ba mu iya karantawa ba, wasu tun shekarun baya. Na kira mutumin na ce ya buɗe bidiyo kai tsaye, ya tsaya kusa da kejin ya ambaci sunan Agege. Ya ce intanet ba kyau. Na ce to ya ɗauki hoton zoben ƙafar kusa da jaridar ranar. Ya ce tsuntsayen suna barci. Da ƙarfe 11 na safe.

Farashin ma shaida ne. A Amurka, inda ake kiwonsa bisa doka, guda ɗaya yana haura dala 10,000. Wanda ya ce zai ba ka biyu a kuɗin tsohuwar Corolla, ko dai ba shi da su, ko kuma na sata ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Maganar ƙwai kuwa kada ka ko saurara. Ko dai ƙwan wani tsuntsu ne za a kawo maka, ko kuma an sato shi daga kogon manduvi, kamar yadda aka sha kama masu ɗaure ƙwan aku a jikinsu a jirgin sama daga Burazil zuwa Fotugal. Ko ya ƙyanƙyashe, ɗan aku ba ɗan tsako ba ne da zai fito yana tsattsaga. Tsirara yake fitowa, ido a rufe, sai an ɗura masa abinci dare da rana a ɗumi ƙayyadadde. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ka san ƙarshen zancen.

A ce ma komai ya cika

Mu ɗauka ka samu na halal, takarda ta gaske, kuɗi kuma Allah ya hore. Ka zauna ka yi wa kanka waɗannan tambayoyin.

Ina za ka sa shi? Fikafikansa a buɗe sun haura mita. Kejin da ake sayarwa a bakin titi ko juyawa ba zai yi a ciki ba. A ganina wurin da bai kai ɗaki babba ba, inda zai tashi daga wannan reshe ya sauka a wancan, kurkuku ne. Kuma bakin da ke fasa acuri ba ya jin kunyar walda: yana ɓalle sanda, yana kwance noti, yana koyon buɗe sakata. Sai ƙarfe mai kauri wanda ba ya tsatsa, wanda masu walda ke kira sitenles. Wayar kejin kaji mai ruwan tutiya guba ce gare shi idan yana gwaguya, haka tsohon fenti mai dalma.

Me za ka ba shi? Cikinsa na mai maiƙo ne. Masu kiwonsa a waje suna ba shi ƙwayar makadamiya da gyaɗar Burazil da kwakwa, tare da 'ya'yan itace da abincin aku na kamfani. Ban da kwakwa da 'ya'yan itace, sauran duk daga waje ake kawo su, da dala. Gero da dawa da nake sayarwa ba za su riƙe shi ba, ni mai shagon nake gaya maka.

Wa zai zauna da shi? A daji ba a ganinsa shi kaɗai. Idan ka kulle shi a bayan gida ka bar wa maigadi, zai yi ta ƙara, daga nan ya fara fige gashin kansa. Kuma yana iya shekara 50 ko fiye. Na ce, "Baba, a gafarce ni, rai na Allah ne, amma wannan tsuntsun da gida da motoci za a raba shi." Ya yi dariya har da tari, ya ce in ci gaba.

Wanda ya riga yana da aku a gida

Mafi yawan masu karanta wannan ba shuɗin aku za a kawo musu ba. Namu ne mai ruwan toka, ko tsirya, a cikin ɗan keji a gosilo, wato cunkoson motoci. Ku sani shi ma mai ruwan tokan an mayar da shi jeri na farko a taron CITES na Johanesbag a 2016. A Ghana bincike ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 nasu sun ɓace tun daga 1992. Ana kama su da danƙo a reshe, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin su kai kasuwa. A ƙarshen Yulin 2025 Kwastan sun kama tsuntsaye fiye da 1,600, tsirya da kanari, a filin jirgin saman Legas za a kai su Kuwaiti. Idan aka ce maka "jariri ne, zai koyi magana," duba idonsa. Ɗan aku idonsa baƙi ne, sai ya girma yake komawa ruwan rawaya mai haske. Mai ido rawaya da ke gurnani yana maƙalewa a lungun keji, ga fiffike an datse da almakashi, babba ne da aka kamo daga daji. Kada ka saya don tausayi. Kuɗinka ne za su koma su sayi danƙo.

Tamu Kawu ya sayo ta ranar wata Lahadi a 1994, ya sa mata Ɗanladi. Ba na shakka daga daji aka kamo ta, a lokacin ba wanda ya tambaya. Muna ce mata "shi" fiye da shekara goma, har ranar da muka wayi gari da ƙwai a ƙasan keji. Tun daga nan ta koma Ladi.

Abincinta da safe: gwanda ko mangwaro idan lokacinsa ne, karas, tattasai, ganyen zogale, dafaffen wake ba gishiri, da ɗanyar masara. Da yamma 'yar dawa da gero, da 'ya'yan kwakwar manja biyu ko uku, wanda shi ne abincinsu na asali a kurmi. Takan riƙe shi da ƙafar hagu kamar mai cin tsire, ta kankare jan naman, bakinta ya yi jawur. Barkono ba ya yi wa tsuntsu yaji, kada ka ji tsoro. Sau ɗaya a mako dafaffen ƙwai da ɓawonsa, saboda irinsu suna yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi, kuma saboda wannan dalilin nake fitar da ita hantsi ta sha rana, ba ta bayan gilashi ba.

Gyaɗa ita ce inda mutanenmu suke kuskure. Aku yana son ta, sai a mayar da ita abincinsa kaɗai, ya yi ƙiba hanta ta lalace. Ga kuma danshin Legas: buhun gyaɗa da damina kwana kaɗan ya fara fumfuna, kuma wannan fumfunar tana da guba, tana kuma kama huhun tsuntsu. Ƙwaya uku ko huɗu a rana, wadda kai ma za ka iya ci, ta isa. Abin da ba a ba shi ko kaɗan: fiya, wato afokado, cakulan, kofi, shayi, albasa, da goro. Na nanata goro domin na sha kama baƙi suna gutsura mata don su ga ta karɓa.

Iska ta fi abinci saurin kisa. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, yana da jakunkunan iska a jiki, abin da kai za ka yi atishawa ka wuce shi zai kwantar da shi. Na koyi wannan da tsada. Ina da wata tsirya da na raina shekara huɗu. Wani dare sauro ya dame mu, na fesa fiya-fiya a falo na rufe ƙofa, na manta kejinta yana bayan labule. Da Asuba na same ta a ƙasa. Tun ranar, a gidana ba a fesa magani, ba a kunna maganin sauro, ba a sa turaren wuta sai an fitar da Ladi, kuma uwargida ta san wannan ko ranar biki ce. Janareta yana can ƙarshen gida, bututunsa yana kallon waje. Kaskon suya na zamani mai rufin Teflon, idan aka bar shi a wuta ya yi zafi fiye da kima, hayaƙinsa yana kashe tsuntsu cikin mintuna, don haka keji ba ya kusantar kicin.

Sauran a taƙaice. Barci awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, ba gaban talabijin ba. Reshen gwaiba ko gora sabo ta yi ta gwaguya, in ba haka ba ƙofarka za ta ci. Feshin ruwa da hunturu. Sabon tsuntsu a ware shi wata guda kafin ya haɗu da na gida. Ka yayyafa ruwa a kan kashin kafin ka share, domin akwai zazzaɓin aku da ke kama mutum ta ƙura, kuma idan zazzaɓi da busasshen tari suka ƙi jin magani, ka gaya wa likita kana da tsuntsu.

Tsuntsu yana ɓoye ciwo, don a daji mai rauni shi shaho ke ɗauka. Ranar da ka ga ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, wutsiya tana sama da ƙasa da numfashi, ciwon ya daɗe. Shi ya sa nake ɗora Ladi a kan sikelin kicin kowace Juma'a. Tana tsakanin giram 430 da 450. Idan ta faɗi da kashi ɗaya cikin goma, sai wurin likitan dabbobi. Maganin kaji yana nan jibge a shagona, amma ban taɓa zuba mata a ruwa ba.

Wanda kuma ya ga ba zai iya ba, kada ya buɗe keji ya ce ya 'yanta. Akun da ya daɗe a gida bai san inda zai nemi abinci ba, shuɗin Burazil kuwa babu acuri a Ikorodu. Ka tuntuɓi NESREA, ko Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, mai cibiya a Lekki, su nuna maka inda za a kai shi. Idan kuma ka ga ana tallan na sata, su ne za ka gaya wa.

Da mako ya cika na koma wurin Baba na zayyana masa duka. Limamin masallacinsu yana zaune, ya ce riƙon tsuntsu ba laifi ba ne idan an ba shi haƙƙinsa, ya kawo labarin ƙanen Anas da ɗan tsuntsunsa. Sannan ya kawo na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Baba ya yi shiru, ya miƙo mini wayar ya ce in sake kiran mutumin ya ji da kunnensa. Lambar ba ta shiga. Hoton da ke kanta ma ya canza, yanzu 'yan kwikwiyo yake sayarwa.

"To ita ta Kawunka fa, tana nan?"

Na ce tana nan, Baba.

Da Kawu ya rasu ta fige ƙirjinta tas, wata shida ba ta ce uffan ba. Sai da na mayar da kejinta inda muke cin abinci, na riƙa zama kusa da ita bayan Isha ina lissafin shago da ƙarfi, kafin gashi ya fara tsirowa. Yanzu ta haura shekara 30 a gidanmu, kuma na riga na gaya wa 'yata ta fari, a gaban mahaifiyarta, cewa ita za ta ɗauke ta bayana.

Ranar Lahadi Baba ya sa direba ya kawo shi. Ya zauna a kujerar roba a tsakar gida, ya zuba mata ido, ita ma ta karkata kai tana kallonsa da ido ɗaya. Can sai ta yi gyaran murya irin ta Kawu, wadda yake yi kafin alwala, ta ce da muryarsa sak, "Kai yaro, kawo buta."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya laluba aljihu ya fito da goro, na riƙe masa hannu.